Ciyawar gaban gidana ta yi sanƙo: in watsa iri a kai ko in tone in yi sabon dashe?

Baban Ilham, Tumfure, Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ke nan da na shuka kiri-kiri a gaban gidana, wadda masu sayar da fulawa ke ce wa Bahama. Filin mita 8 ne a 12. Zafin Maris da Afrilun bana ya cinye ta, ta koma kamar kan mai ƙora, nan kore can ƙasa zalla, musamman gindin maina da hanyar da yara ke bi zuwa famfo. Mai kula mini da fulawa ya ce a tone duka a kawo sabon dashe, naira 150,000 har da kuɗin aiki. Ɗana kuma ya ce a aske ta ƙasa-ƙasa a watsa iri a kan tsohuwar. Ba ni da bohol, tanka nake saye. Ruwan sama ya sauka sau biyu, kuma a Oktoba za a yi walimar auren 'yata a filin, in sha Allah. Wanda ya taɓa watsa iri a kan tsohuwar ciyawa ya faɗa mini yadda suka ƙare.

Hamma Bolari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, sa intalok ka huta.

Maman Hanif:
Allah ya sanya alheri a auren. Ka haƙa bohol tukuna, ciyawa ba ta son a yi mata rowar ruwa.

Baban Ilham:
Amin Hajiya. Kin san zurfin da ake zuwa kafin a taras da ruwa a Gombe, wannan ba maganar bana ba ce.

Adda Federal Low Cost:
Ni ka tambaya, Alhaji, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A Nuwamban 2023 na ga tallar iri a Facebook, hoton fili kamar darduma. Na tura naira 45,000 aka saka mini kilo biyu a mota. Kwana shida ya tsiro, laushi kamar gashin jariri, duk lokacin hunturu maƙwabta na shigowa kallo. Ana shiga Maris ta fara ja. Na ɗauka ƙishirwa ce, na riƙa sayen tanka duk mako, kafin ƙarshen Afrilu babu ko tsinke. Sai daga baya wani ya karanta bayan ledar ya ce ai raigiras ce, ciyawar ƙasashen sanyi irin su Ingila, ba ta jure zafinmu. Kuma ta danne kiri-kirina ta asali da ke ƙasa. Na kira mai sayarwar, ya ce ni ce ban iya ban ruwa ba, ya toshe lambata.
Ban gama da wannan ba mai lambu ya kawo mini takin shanu ɗanye a Keke Napep. Aya-aya da ƙarangiya suka fito, gara ta biyo baya har ta hau ƙofar sito. Maigidana ya yi wata guda ba ya ce mini komai a kan filin, wanda ya fi faɗa ciwo.

Maman Hanif:
Innalillahi. Adda, sannu. Amma 45,000 kilo biyu? Ni 12,000 na sayi kilo.

Hamma Bolari:
Ni da na tambaya a Jos 30,000 aka ce mini kilo ɗaya. Hajiya, ki duba ko geron tsuntsu aka auna miki.

Ɗan Hotikalca:
Na yi karatu a kwalejin aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa, bari in koma kan tambayar. Watsa iri yana yi, kuma farkon damina ne lokacinsa, don irin kiri-kiri ɗumin ƙasa yake so, a sanyin hunturu kwanciya yake yi. Filinka bai kai murabba'in mita 100 ba, kilo ɗaya ya ishe ka har ya yi saura. Ka aske ta ƙasa sosai, ka kartce da rek har ƙasa ta bayyana, ka kwashe busasshen. Irin ƙanana ne ƙwarai, ka gauraya shi da busasshen yashi don ya watsu daidai, ka rufe da ƙasar da ba ta wuce rabin santimita ba, ka tattaka. Ranar da ba a yi ruwa ba, yayyafi safe da rana da yamma, kada saman ƙasar ya bushe. Irin da aka ɓare wa ƙaiƙayi yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Hanyar yara sai ka sassauta ta da fok, ta daskare ne. Gindin maina kuwa ka haƙura, kiri-kiri ba ta rayuwa a inuwa ko buhu ka zuba. Kada ka kai Agusta, ruwa mai ƙarfi zai kwashe irin ya kai shi kwari.

Bappa Mai Lambu:
Yaro, shekarata 28 ina wannan aiki a gidajen GRA, ban taɓa sayen irin ciyawa ba. Kafin irinka ya tsiro tururuwa ta kwashe rabi, kurciya ta tsince sauran. Alhaji, kiri-kiri yaɗo take yi, sama da ƙarƙashin ƙasa. Ka je gefen da ta yi kauri ka ciro reshe mai gaɓa uku, ka dasa a wurin sanƙon, taƙi ɗaya tsakani. Bayan mako biyu ka barbaɗa takin zamani NPK 15-15-15 kaɗan ana shirin ruwa. Kobo ba za ka ba kowa ba.

Ɗan Hotikalca:
Bappa, ban ƙi taka ba, in ma ciyawar Alhaji irin haɗe ce da ba ta yin ƙwaya, dashen ya fi, don iri zai fito da wani launi dabam. Amma ni ma na yi filaye, ba takarda kaɗai na riƙe ba.

Bappa Mai Lambu:
Nawa? Ka lissafa mana.

Hamma Bolari:
Ni dai ragona yana jiran a ce an yi kore, ya ce askin kyauta zai yi wa Alhaji.

Maman Hanif:
Kai Hamma! Amma ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Awakin maƙwabcinmu sau uku suna shigo mini ta ƙaramar ƙofa, har zogalena ba su bari ba. Na yi magana aka ce haƙƙin maƙwabtaka.

Adda Federal Low Cost:
Awaki ai da sauƙi a kan masu tanka. Ranar Laraba na biya 25,000, suka zo da rabin tanka, direban ya rantse a hanya ya zube.

Hamma Bolari:
A Bolari 18,000 ne, amma sai ka kira sau biyar kafin su ɗaga.

Baban Ilham:
Na gode duka. Ɗan Hotikalca, ta yaya zan gane tawa mai ƙwaya ce ko haɗe? Bappa kuma, dashen zai rufe kafin Oktoba?

Adda Federal Low Cost:
Hamma, turo mini lambar naku ta bayan fage. Kuma ka tambaye shi lita nawa tankarsa take ci, don wannan karon da kaina zan hau tsani in leƙa kafin su sauke tiyo.