Na sauya burauza, yanzu ba na ganin ranar da aka ɗauki hoto, a taimaka

Baban Hajara:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin kwamfuta ku agaza min kafin Juma'a. Yayana da ke Jamus shekara uku ke nan yana turo kuɗi ana masa gini can gaba da Tafo, ni aka ɗora wa sa ido alhali shago gare ni a Alabar nan Kumasi, ba kullum zan rufe in bi layin motar haya ta tirotiro ba. Birkilan kuma ƙanin mijin yayar matata ne, ita ta kawo shi, tun ranar sunan Hajara ake ta min magiya a ba shi aikin, kun ga ba dama in yi masa magana gatsau. Satin da ya wuce na tura masa sidi 4,000 na siminti ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ya aiko hoton buhuna a jere wai an sauke. To a hoton ƙasa jiƙe take sharkaf ga mu cikin hunturu, kuma a gefe akwai wani shuɗin bokiti da na san ya fashe tun da azumi, ni da kaina na ga an yar da shi.

Da ina amfani da Firefox, in na danna hoto da ɓangaren dama na mawus sai ya nuna min rana da awa da irin wayar da ta ɗauka. Ɗan ƙanwata ya yi wa laftof ɗin fomat ya sa min Chrome wai shi ake yayi. Yanzu na danna har na gaji babu wannan wurin. Abin da na sauke ma ban san inda yake shiga ba, wasu hotunan kuma suna zuwa da webp a ƙarshen sunansu. Ina zan taɓa a setin? Yaya zai kira ran Juma'a.

Oga Sakul:
Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya a Tip Toe, kasuwar wayoyi ta Accra, saurara da kyau. Abin da kake nema sunansa EXIF, bayani ne da kyamara ke rubutawa cikin fayil ɗin hoton kansa: rana, awa, sunan waya, har wurin da aka tsaya in an kunna lokeshan. Ba a burauza yake zaune ba, shi ya sa ko setin dubu ka taɓa ba zai fito ba. Kuma Firefox shi kaɗai ba ya nuna ranar ɗauka, tsawo da faɗin hoto da nauyinsa yake nunawa in ka danna Ctrl da I. Wani ne ya sa maka estenshan, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauza, a tsohon, fomat ta tafi da shi. Sauke hoton, danna dama a kai, Properties, sai Details, gangara ka ga Date taken. Shi ke nan, ba ka bukatar kowa.

Baban Hajara:
Oga ni ban taɓa sa wani estenshan ba wallahi, haka na saye ta. Na bi yadda ka ce, wurin ranar fayau yake babu komai.

Oga Sakul:
Haka ka saye ta hannun wa? Ai ka ba da amsa da bakinka. To hoton ta ina ya zo maka, wannan ba ka faɗa ba tun ɗazu.

Hajiya Mamobi:
Uhm, Baban Hajara Allah ya ba ka haƙuri. Ni nawa birkilan buhu ashirin ya nuna min a hoto ashe na maƙwabci ne ya tsaya a gabansu. Da na je sai kuka, wai mamansa ba lafiya. Har yau bangon bayana bai kai kafaɗa ba, kuma mijina ni yake ɗora wa laifi don ɗan garinmu ne. Aiki da dangi ba abin da ke ciki sai cin rai. Ka bar kwamfutar nan ka je ka ƙirga buhu da yatsanka.

Baban Hajara:
Hajiya in na je ba sanarwa gobe magana ta kai gidan surukai an ce na kira shi ɓarawo. So nake in riƙe hujja tukun. Oga ta WhatsApp yake turowa, ina buɗewa a laftof.

Oga Sakul:
Ka ga irinta ko! Da ka faɗi haka tun farko. WhatsApp in an tura hoto a matsayin hoto yana matse shi ya share EXIF kaf, haka Facebook da Instagram in ka sauko da hoto daga can. Ko ka koma Firefox yau ba abin da za ka gani. Ka ce ya sake turowa a matsayin dokumen, ta alamar kilif ɗin nan, ya zaɓi Document. Nan ranar za ta fito, EXIF ba ya ƙarya, ka kama shi dumu-dumu.

Baban Hajara:
Amma da ina gani fa. Bara na gani da idona.

Ɗalibin Tek:
Kawu wataƙila na baran ta imel ko Google Drive suka zo, waɗannan ba sa taɓa fayil. Oga da girmamawa, maganar ba ya ƙarya ɗin nan akwai gyara. Ranar daga agogon wayar ake ɗaukarta, in agogon ba daidai yake ba ita ma haka, kuma ko a Details ɗin nan na Windows ana iya danna ranar a sauya ta. In kuma sikirinshot ya yi wa tsohon hoto, ranar sikirinshot ɗin za a iya gani, ba ta asalin ba. Batun saukewa kuma, a Chrome rubuta chrome://settings/downloads a sama, za ka ga folda da yake zubawa, akwai makunni da in ka kunna zai riƙa tambayarka inda zai ajiye. Ctrl da J na nuna duk abin da ka sauke. Webp ba cuta ba ne, tsarin hoto ne da Google ya fitar a 2010, shafuka da yawa shi suke bayarwa don ya fi sauƙin nauyi.

Oga Sakul:
Yaro, birkilan da ke aiko hoto da bokitin da ya fashe a ciki shi zai zauna sauya EXIF? Karatu daban, kasuwa daban. Alhaji bi nawa.

Mai Waakye Asawase:
Ni dai ku ja kunnen yaran nan masu fomat. Ɗana ya yi wa tawa, hotunan auren ƙanwata sama da ɗari uku suka tafi, da na yi magana wai me ya sa ban yi bakof ba, ni na san wani bakof? Baban Hajara ka duba ma ko fasawod ɗinka suna nan.

Baban Hajara:
Fasawod duk sun tafi, a littafin bashi nake duba wasu. Amma yaron ba shi da laifi paa, laftof ɗin tana ta maƙalewa ne ni na ce ya duba ta.

Ɗalibin Tek:
Kawu wane Windows ne? In 7 ne, Chrome ya tsaya a 109 tun farkon 2023, ba a sabunta shi a kai. In ka fi sabawa da Firefox ba abin da ya hana ka sa shi kusa da Chrome, biyun na zama tare. Sai dai a bi a hankali da estenshan masu neman izinin karanta duk shafin da ka buɗe, tunda kana shiga banki a kai.

Oga Sakul:
Kar ka sa komai. Burauza biyu a tsohuwar laftof neman magana ne. Dokumen kawai.

Hajiya Mamobi:
Ku kuna ta Turanci siminti na tafiya. Kira shi bidiyo kol yanzun nan ya zagaya da kai sito.

Baban Hajara:
Hajiya dare ya yi kuma can ba wuta. Oga in na ce ya turo ta dokumen ai zai tambaye ni dalili, mutumin ba wawa ba ne, me zan ce masa? Ɗalibi ban san wane Windows ba ne, mai shuɗin fuska ne dai. Na sami wurin saukewar na gode, ashe duk suna cikin wata folda mai sunan yaron.

Oga Sakul:
Ka ce yayanka ne ke son mai haske don ya sa a firem.

Mai Waakye Asawase:
Hoton siminti a firem? Oga kai ma dai.

Baban Hajara:
Na tura masa saƙon. Ya karanta, alama ta yi shuɗi tun 9:40, bai amsa ba. Matata kuma yanzu ta shigo tana tambaya me na ce wa mutumin, yayarta ta kira ta. Ɗalibi wannan Firefox ɗin a ina zan samo na ainihi, kuma in na sa wurin ranar zai dawo ko sai da estenshan ɗin da Oga ke faɗa?