Ranar Kirsimeti a Landan: ina za mu je, ina za mu ci abinci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Watanmu uku ke nan a Landan, ni da maigida da yara biyu, muna zaune a Barking. Maigida ba ya samun hutu sai ranar 25 ga Disamba, shi ne muka ce ranar za mu fita yara su ga gari, don tun zuwanmu daga makaranta sai gida.

Jiya wata maƙwabciya ta kashe mini jiki. Ashe ranar ba jirgin ƙasa, ba bas, manyan kantuna ma a rufe suke. Na duba gidan tarihi na British Museum da muka sa rai, shi ma a rufe daga 24 zuwa 26. Mu kuwa ba mu da mota, ga rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, sanyi kuma sai ka ce ana tsaga maka kunne. Ƙaramar tamu ko safar hannu ba ta yarda a sa mata.

An ce lambun shaƙatawa na Hyde Park a buɗe yake, daga nan kuma mutum zai iya takawa zuwa Edgware Road inda gidajen abincin Larabawa suke. To, suna buɗewa ranar kuwa? Sai an kama wuri tun da wuri, ko a je kawai? Kuɗin tasi daga Barking fa, zai ɗauku? In ba zai yiwu ba, ko akwai wurin halal a Ilford ko Green Street da kuka taɓa samu a buɗe?

Don Allah wanda ya taɓa fita ranar ya taimaka mana, na riga na yi wa yara alkawari.