Shin satar fasaha ce ta raunana kundin Nas na 1999?

Bashir: Ina nan kan bakana cewa masu satar fasaha ne suka raunana I Am..., kundin da Nas, mawaƙin rap na Amurka, ya fitar a watan Afrilun 1999. An tsara shi ne a faifai biyu, sai waƙoƙi da dama suka bazu a intanet tun kafin ranar fitarwa, dole ya ajiye wasu, ya ɗauki sababbi, aka tattara abin da ya samu a faifai ɗaya.

Hadiza: Malam Bashir, na yarda an yi masa ɓarna, amma ɓarawon bai zauna ya zaɓa masa waƙoƙi ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ajiye sun fito a kundinsa The Lost Tapes a 2002, masu sharhi suka yaba ƙwarai, alhali masoyansa sun daɗe da jin su. Ashe jin waƙa kafin lokaci ba ya rage mata daraja. Ni ina ganin alhakin yana wuyan Nas da kamfanin Columbia, waɗanda suka fifita abin da gidajen rediyo za su karɓa, suka kuma yi gaggawar fitar da kundinsa na gaba, Nastradamus, a watan Nuwamban 1999.

Usman: Yaya Hadiza, a wancan zamanin sayar da faifai ne babbar hanyar samun kuɗi, kuma babu kamfanin da zai zuba jari a kan abin da jama'a suka riga suka mallaka kyauta. Mawaƙin rap Eminem ma ya faɗi da bakinsa cewa satar wasu waƙoƙinsa kafin lokaci ce ta sa ya cike kundinsa Encore na 2004 da waɗanda ya yi a gurguje.

Hadiza: To me za ka ce game da mawaƙin rap Lil Wayne, ƙanena? An kwashe masa waƙoƙi masu yawa a 2007, duk da haka kundinsa Tha Carter III ya sayar da fiye da kwafi miliyan 1 a makonsa na farko a 2008.

Bashir: Malama, ciniki daban, inganci daban. Waƙoƙin Wayne kowace tana tsaye da ƙafarta, ana iya musanya ta da wata. Nas kuwa tarihin rayuwa ya yi niyyar jerawa, waƙa tana bin waƙa, shi ya sa cire kaɗan daga ciki ya wargaza labarin gaba ɗaya.