Na dawo daga bita da sabon tsari, babbar sistarmu ta ce ido ya isa

Ungozomar Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ungozoma ce a wani asibiti a nan Jos, ban daɗe da fara aiki a ɗakin haihuwa ba. Watan jiya aka tura ni bita kan zubar jini bayan haihuwa, aka koya mana tsarin E-MOTIVE. Da zarar jariri ya fito sai a shimfiɗa wa uwar wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jinin yana taruwa kina ganin lamba. In ya kai mililita 500 ba a jira: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiranekzamik asid mai rage zubar jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai ƙari ko ragowar mabiyiya, duk a lokaci guda. Ba wai a gwada ɗaya a tsaya a ga abin da zai yi ba.

Na dawo da zumuɗina da 'yan ledojin da aka raba mana. Babbar sistarmu ta juya ɗaya a hannu, ta ce tun ban shiga firamare ba take karɓar haihuwa, ita da ta ga zani ta san jinin da ya zuba. Ledojin suna nan a kabad. Matar nan ita ta koya mini ɗinke mace bayan haihuwa, ba na son in yi mata rashin kunya. Yaya zan yi?

Anti Mai Ritaya:
Wa alaikis salam 'yata. Ni ma da idon na yi aikina har na ajiye, kuma gaskiya ido yana yi mana ƙarya, kusan kullum ragewa yake yi. Jini ya shige zani, ya shige katifa, wani ya gangara ƙarƙashin gado, ke kuma a dutin dare kina da mata uku suna naƙuda. Sai kin ga leɓen mace ya yi fari, tana cewa a ba ta ruwa tana ganin jiri, sannan hankali ya tashi.

Amma kada ki je mata da "an ce a bita". Abin da kunnenta zai ji shi ne yarinya ta zo koya mata aiki. Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, ki ce Anti an ba ni abin nan, ina so ki tsaya kaina in gwada ko na iya. Ki bari ita ta faɗi nata ƙiyasin, ita kuma ta karanta lambar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Nas Bukuru:
Ki gaya mata ba kayan Turawa ba ne aka jibgo mana. An gwada tsarin a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamar ɓangaren Najeriya. Sakamakon ya fito a 2023. Inda aka yi amfani da tsarin an gano kusan kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, inda ake yin yadda aka saba kuwa kashi 51. Mummunan zubar jini ya ragu da kusan kashi 60.

Ni abin da ke damuna daban ne. Ledar nan sau ɗaya ake amfani da ita. In naki sun ƙare wa zai saya, asibiti ko mijin mai haihuwa da tuni an rubuta masa safar hannu da audugar mata? Sannan ki leƙa firjin ku. Oksitosin yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, sanyin Jos ba ya maye gurbin firji in an ɗauke wuta kwana biyu. Shi kuma tiranekzamik asid cikin awa uku da haihuwa ake so a ba da shi, in sai an tura ɗan uwa kemis da tsakar dare lokaci ya tafi.

Malama Mai Koyarwa:
Laifinmu ne masu shirya bita. Mu ɗauki ƙaramar ma'aikaciya ɗaya mu koya mata, mu mayar da ita cikin manya goma da ba su ji komai ba. Ita ma bitar MCPDP da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta wajabta kafin sabunta lasisi, wasu satifiket kawai ke kai su. Ki nemi izini ki yi atisaye na minti goma bayan miƙa aiki da safe: ki auna ruwa mai kala a kofi, ki zuba a tsohon zani, kowa ya faɗi nawa ne kafin ki faɗa. Ki haɗa duk magungunan da sirinji da ledar ruwa a akwati ɗaya kusa da gadon haihuwa.

Ungozomar Jos:
Na gode Anti, na gode duka. Ranar Alhamis muna dutin safe tare da babbar sistar, zan bi shawarar Anti Mai Ritaya. Nas Bukuru, na duba, tiranekzamik asid ɗinmu a babban kantin magani na asibiti yake, kuma ana kulle shi da daddare. Wannan wa ya kamata in fara samu, ita sistar ko mai kula da magunguna?