Ina yin pomp 50, kafaɗa ke ciwo, ƙirji kuwa shiru

Ɗan Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata biyu ke nan ina fita motsa jiki bayan sallar asuba wajen filin wasa na Seyni Kountché, don ina da niyyar shiga jandarma. Gudu bai dame ni ba, pomp ce matsalar, wato motsa jikin nan da ake kifawa a dafa ƙasa da hannu biyu ana sauka ana tasowa. Ina yin 50 a jere, amma kafaɗar dama da wuyan hannu ke zogi, ƙirjin ko alamar ya yi aiki babu. A fadarmu wani ya ce in ware hannu sosai, wani ya ce in haɗe su. Wanne zan bi? Nauyina kilo 78.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam ƙanena. 50 ɗin nan wa ya ƙirga maka? Na ga irinku da yawa: kai kaɗai ke sauka kamar kaza na tsintar gero, ƙugu ya lotsa, duwawu na lilo. Wannan ba ta shiga lissafi.

Ga yadda ake yi. Tafin hannu ya ɗan zarce faɗin kafaɗa, daidai ƙirji, ba daidai fuska ba. Daga diddige zuwa ƙeya ka zama kamar taɓarya, ka matse ciki da duwawu. Ka sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, kana jan numfashi, ka fitar da shi wajen tasowa. Babban abin shi ne gwiwar hannu. In ka baje ta gefe har ta yi layi ɗaya da kafaɗa, nauyin duk kan gaɓar kafaɗar yake sauka, ina kyautata zaton nan ciwonka ya fito. Ka jawo ta wajen jiki, kamar digiri 45, ta yadda wanda ya hango ka daga sama zai ga siffar kan kibiya. Gwada haka gobe. In ka kai 15 ka zo in saya maka shayi.

Maman Yantala:
Ɗana, ni a likita nake aiki. In ciwon na suka ne kamar allura, ko yana hana ka barci a kan wannan gefen, bari pomp ɗin tukuna ka je a duba ka. Tsamin nama daban, ciwon gaɓa daban. Kuma kullum ba hutu? Ka riƙa tsallake kwana ɗaya.

Ɗan Kokowa na Harobanda:
Kan maganar ire-iren pomp ɗin. Ta yau da kullum tana ɗora maka kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinka, wato kai wajen kilo 50 kake turawa. A kan gwiwa kusan rabi ne. Hannu a kan dakali ya fi sauƙi, ƙafa a kan dakali ya fi wuya, kuma saman ƙirji da kafaɗa yake ci, don haka ba naka ba ne yanzu. Ta haɗe hannu, wadda manyan yatsu da manuniya ke taɓa juna, bayan damtse take ginawa, amma tana wahalar da wuyan hannu. Ta warewa sosai kuwa gajeren zango ce, shi ya sa ƴan fada ke son ta, lamba na hawa da sauri.

Wuyan hannun: dunƙule hannu ka yi a kan tabarma ko kwali, ya tsaya miƙe. Kada dai ka yi a kan tsakuwa, na taɓa saɓule fata.

Ɗan Boukoki:
Yallaɓai Tsohon Soja, na gwada yau, ƙanena ya ɗauke ni bidiyo da salula. Kunya ta kama ni da na kalla. 11 na yi hannu ya fara rawa, amma yau ƙirji ya amsa. Mama, ciwon ba na suka ba ne, in ya wuce sati zan je.

Tsohon Soja:
11 ta ishe ka farawa. Yi 8 sau 4, hutun minti 1 a tsakani, Litinin, Laraba, Juma'a. In ƙugu ya fara lotsawa, koma dakali ka ƙarasa. Shayin yana nan sai ka cika 15.