Wa aka taɓa ce wa "amacha ce ta ƙone"?

Tela, Zariya: Salam jama'a. Motar keken ɗinkina ce tun shekaran jiya in na taka sai ta riƙa tartsatsi ta baya, ga wani wari kamar ana ƙona roba, na kai wa mai gyara ko kwance ta bai yi ba ya shinshina kawai ya ce Hajiya amacha ce. Ni ban ma san mene ne amachar ba wlh. Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi dan Allah ya faɗa min yadda ya ƙare, ga kayan biki jibge a gabana.

Mai walda, Kano: Hajiya kar ki biya tukuna. Amacha ita ce wannan dunƙulen ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar motar, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, a gefe guda akwai 'yan yanka-yankan jan ƙarfe da suka zagaye sandar, su ne kwamiteta, sai kabon burush guda biyu da ke gogar su suna ba su wuta. Injin yankan ƙarfena sau biyu ana ce min amacha, ashe burush ne ya cinye har sifirin ya fara taɓa kwamiteta. Kuɗin burush bai kai na shinkafa da wake ba.

Direban haya: Nawa kik ne. Wata uku ina yawo da sifana a ƙarƙashin kujera, in mota ta ƙi tashi yaron mota ya leƙa ya ƙwanƙwasa kik ɗin ni kuma in murɗa, fasinja na ta dariya. Ranar da ƙwanƙwasar ta daina aiki a hanyar Funtuwa muke, wani rewaya a bakin titi ya kwance, ya goge kwamitetan da sanfefa har ya yi ja wur, ya sa guntun zarto ya kankare baƙin da ya cike tsakanin layukan, ya sa burush. Har yau amachar nan ce a ciki.

Mai shagon cajin waya: Ni kam tawa ta ƙone da gaske, ta janareto, na ba da aka sake naɗi, ko wata biyu ba ta yi ba ta sake hayaƙi. Da na kai wani wurin ya kankare wayar da reza a gabana, waje ja ciki fari fat, alminiyom ce aka shafa mata launi, kuma kuɗin jan ƙarfe na biya. Allah ya isa.

Rewaya, shekara da shekaru a sana'ar: To ku bar mu mu ma mu yi magana. Warin nan da 'yata ta faɗa, fentin da ke jikin wayar ne ke ƙonewa, in ya narke wayoyin sun haɗu, shi ke nan. Wanda ya daɗe a aikin hancinsa ya san shi, amma duk da haka a kwance a gani. Ɗan tartsatsi a bakin burush ba komai ba ne, wanda ya zagaye kwamitetan kamar zobe shi ne abin tsoro. Kuma kai mai caji, ka sa an duba boris? In boris ya mutu amacha gogar kwayil take yi, ko da wayar zinare aka naɗa ta sai ta sake ci.

Ɗalibin poli: Baba a yi haƙuri zan ɗan sa baki. A janareto abin da kuke kira amacha, mai juyawar, a littafi rota ne, maganaɗisu yake samarwa. Wanda kuke kira kwayil, na tsaye, wanda wuta ke fitowa daga cikinsa, shi ne amacha. A kik da keken Hajiya ne amacha take juyawa. Na girma a garejin yayana, da ilimin gareji na amsa tambayar nan a jarrabawa malam ya ja min jan biro.

Rewaya: Ɗana, je kasuwa ka ce a ba ka rota ka ga ko ba kallonka za a yi ba.

Mai zane: Kun ba ni dariya. Mu a sashen zane in an ce amacha, ƙwarangwal ɗin waya da rodi ake nufi, wanda ake ɗora yumɓu ko siminti a kai don kar siffar ta zube. Satina na farko da malam ya ce kowa ya zo da amacha saura kaɗan in tafi wurin masu janareto. Ko a Blender, manhajar haɗa katun a kwamfuta, ƙasusuwan da ake sa wa ɗan katun ya motsa sunansu ke nan. Asalin kalmar Latin ce, armatura, wai sulke da kayan yaƙi.

Tela: Na dawo. Na sa mai gyaran ya kwance a gabana kamar yadda Baba ya ce, mun canja burush amma tartsatsin bai daina ba, zagayewa yake, kuma yanka biyu na kwamitetan sun yi baƙi ƙirin. Ashe gaskiyar mutumin ne, har na ji kunya. Ya ce naɗin irin wannan ƙaramar ba riba, sabuwar mota gaba ɗaya zan saya. Mai caji, a shago za su yarda in kankare wayar kuwa?