Me ya sa ƙungiyar da ta fi kowa cin wasa a NBA ba kullum take ɗaukar kofi ba?

Auwal_M:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bin NBA ce, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Golden State ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar 2016, amma Cleveland ce ta tafi da kofi. Milwaukee ce ta fi kowa a 2023, sai ga Miami da ta shigo wasannin fitar da gwani a matsayi na takwas ta kore ta a zagayen farko. Haka Cleveland ta ci wasa 64 a 2025, Indiana ta yi waje da ita a zagaye na biyu. To idan teburi ba ya faɗin gaskiya, me mutum zai duba ya gane ƙungiyar da za ta iya kai wa ga kofi, ya bambanta ta da wadda rawar kai kawai take yi?

Malam Sani Kwando:

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Teburi ba ƙarya yake yi ba, wata tambaya daban yake amsawa. A kakar wasa yau kana wannan gari, jibi kana wancan, babu kocin da ke da lokacin zama ya yi wa abokin karawa ɗaya nazari. A wasannin fitar da gwani kuwa ƙungiya ɗaya za ka yi ta fuskanta har sai wani ya ci huɗu, wato kusan mako biyu ana kallon bidiyonka ana neman inda kake ɗingishi. Kuma sai ka maimaita haka sau huɗu, nasara 16 ke nan, kafin ka taɓa kofi.

Abu biyu ke canzawa. Na farko, benci yana tsukewa. Kocin da ke sa mutum goma ko goma sha ɗaya a watan Janairu, da Mayu ta zo sai ya koma bakwai ko takwas, manyan 'yan wasa su yi minti 40 ko fiye cikin 48. Saboda haka ƙungiyar da ta tara nasarori saboda 'yan bencinta sun fi na kowa, wannan ribar ta ragu sosai, domin 'yan bencin nan yanzu da taurari za su haɗu.

Na biyu shi ne farauta, kuma nan ne maganar take. Mai riƙe da ƙwallo zai kira abokinsa ya zo ya kafa masa shinge, amma ba kowane aboki ba, wanda mafi raunin 'yan tsaronku ke gadi shi zai kira. Idan kun yi musayar mutum, mai raunin nan ya faɗa hannun tauraro. Idan ba ku yi ba, sai mutum biyu su taru kan ƙwallo, wani ya zama babu mai gadinsa. Za su yi maka haka sau goma a jere ba kunya, har sai koci ya cire mutumin. Boston ta yi wa Luka Doncic na Dallas irin wannan a karon ƙarshe na 2024: duk makin da yake ci a gaba, sai su sa ya biya a baya, har ya cika laifi shida aka fitar da shi a wasa na uku.

Amma misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Utah a 2021. Ita ta fi kowa nasara a kakar, 52 cikin 72, kuma tsaronta gaba ɗaya a kan Rudy Gobert aka gina shi: ya tsaya kusa da kwando, duk wanda ya kutso ya gamu da shi. Clippers, da ma tauraronsu Kawhi Leonard ya ji ciwo a gwiwa, sai suka cire dogonsu suka zuba mutum biyar da duk suke iya jifa daga nesa. Gobert ya shiga tsaka mai wuya. Ya bi mutuminsa waje, ƙarƙashin kwando ya zama fili. Ya tsaya ciki, mutuminsa yana kusurwa shi kaɗai, kuma kusurwa ita ce mafi kusa cikin wuraren maki uku, ƙafa 22 maimakon 23 da inci 9. A wasa na shida mutumin da ya bari shi ne Terance Mann, wanda ba a ma lissafa shi cikin masu cin maki. Mann ya zuba 39. Utah da ke gaba da maki 25 ta sha kashi, kakarta ta ƙare a daren. Laifin ba na Gobert kaɗai ba ne, 'yan gaban nasa ne ba sa iya tare kowa, shi ya sa dole kullum ya koma taimako.

Don haka idan kana auna ƙungiya, kada ka fara da tauraronta. Rubuta mutum biyar da za su kasance a fili a minti biyar na ƙarshe, ka tambayi kanka: wane ne za a farauta a baya, wane ne kuma za a ƙyale a gaba don an san ba zai jefa ta shiga ba? In ka sami mutum biyu masu irin wannan tabo, da wuya ta wuce zagaye na biyu.

Hajara Lissafi:

Malam Sani ya yi bayanin ido, bari in ƙara na alƙalami, domin kafin a kai ga farauta akwai rariyar da ke tace yawancin ƙungiyoyi.

Ka fara da ƙa'idar da ake jingina wa tsohon koci Phil Jackson: ƙungiya ta ci wasa 40 kafin a ci ta 20. Tsakanin 1980 da 2025 zakaru huɗu ne kawai suka saɓa mata: Houston a 1995, Detroit a 2004, Miami a 2006, da Milwaukee a 2021. Haka matsayi: kusan duk zakara daga ukun farko na ɓangarenta take fitowa. Houston ta 1995 ta shigo ta shida, amma wannan tana riƙe da kofin bara, tana da Hakeem Olajuwon haifaffen Legas a kan ganiyarsa, ta kuma ɗauko Clyde Drexler a tsakiyar kaka. Miami ta 2023 da ka kawo, Malam Auwal, ta kai karon ƙarshe, amma Denver ta gama da ita a wasa biyar. Wato ƙaramar ƙungiya tana iya kayar da babba, ɗaukar kofin ne ke gagarar ta.

Bayan nan ka bar duba maki nawa ake ci a wasa, domin mai gudu da yawa zai tara maki ko da ba ya da inganci. Duba makin da ƙungiya ke ci a kowane hari 100, ka cire wanda ake ci mata a hari 100. Ragowar ita ce ainihin ƙarfinta, kuma ta fi yawan nasara faɗin gaskiya, saboda wasannin da aka ci da maki ɗaya ko biyu sa'a tana da hannu a ciki. Oklahoma City ta 2025 tana fin abokan karawa da kusan maki 13 a kowane wasa, ba a taɓa yin irinsa ba. Ita ba a yi mamakin kofinta ba.

Ingancin jifa ma ana gyara lissafinsa. Ɗauki jifan da suka shiga, ƙara rabin adadin masu maki uku, raba da duk jifan da aka yi. Wanda ya jefa 20, tara suka shiga, huɗu a ciki masu maki uku ne: 9 a tara da 2, a raba da 20, kashi 55 ke nan, ba 45 ba.

Na ƙarshe, kuma mutane na raina shi: jifan kyauta bayan an yi wa mutum laifi. Ben Simmons na Philadelphia ya ci kashi 34 kacal na jifan kyautarsa a wasannin fitar da gwani na 2021. Atlanta ta riƙa yi masa laifi da gangan, shi kuma ya daina neman ƙwallo a zangon ƙarshe don gudun layin, Philadelphia da ke ta ɗaya a gabas ta faɗi a gida a wasa na bakwai.

Bala Tsohon Koci:

Duk na yarda, amma ku bar wa ƙaddara gurbinta, kar Auwal ya ɗauka lissafi ne ke ba da kofi. Shi kansa 2016 ɗin da ya fara da shi, Golden State na gaba 3 da 1 aka dakatar mata da Draymond Green a wasa na biyar, dogonta Andrew Bogut ya ji ciwo a wannan wasan, LeBron James na Cleveland ya ci 41 sau biyu a jere, kuma duk da haka da maki huɗu aka rabu a wasa na bakwai, 93 da 89. Houston ta 2018 ta ci wasa 65, tsarinta daidai yake da na kayar da Golden State, sai tsokar cinyar Chris Paul ta tsinke masa hanzari, suka zo wasa na bakwai suka ɓarar da jifan maki uku 27 a jere. Wane alƙalami ne zai hango wannan? A 2021 yatsan ƙafar Kevin Durant na Brooklyn ne ya taka layin maki uku, jifan da zai kori Milwaukee ya zama maki biyu, aka tafi ƙarin lokaci. A 2025 jijiyar agara ta tsinke wa Damian Lillard, da Jayson Tatum, da Tyrese Haliburton, shi wannan a zangon farko na wasa na bakwai na karon ƙarshe.

Abin da za ka iya aunawa a nan ɗaya ne: idan mutum na biyu a ƙungiya ya zauna wasa biyu, akwai wanda zai iya riƙe ƙwallo ya ƙirƙiro jifa in agogon daƙiƙa 24 da ake ba kowane hari ya kusa cika? Ƙungiyar da ke da irin waɗannan mutum uku tana jure rauni, mai guda ɗaya kuwa a kan siraɗi take.

Auwal_M:

Na gode ƙwarai. To ta ɓangaren ɗan wasa fa? Jimmy Butler na Miami ya ci 56 a kan Milwaukee, Durant ya ci 48 a wasan da Malam Bala ya ambata amma aka fitar da su. Yaya ake gane bajintar da ke kai wa ga kofi?

Malam Sani Kwando:

Kada ka auna shi da dare ɗaya, Malam Auwal, auna shi da abin da ya yi bayan an gano shi. Wasa na ɗaya da na biyu kowa da tsarin da ya saba yake zuwa. Daga na uku ake fara toshe wa tauraro hanyar da ya fi so, a nan ake sanin ko yana da ta biyu.

Dubi Giannis Antetokounmpo na Milwaukee. A 2019 Milwaukee na gaba 2 da 0 a kan Toronto. Kocin Toronto Nick Nurse ya ɗora masa Kawhi Leonard daga wasa na uku, ya jera Marc Gasol da Pascal Siakam a bayansa kamar katanga. Giannis ya saba ɗauko ƙwallo daga nesa ya taho a guje. Da ya tarar da mutum uku a gabansa sai dai ya yi karo ko ya miƙa a makare. Toronto ta ci huɗu a jere. Zuwa 2021 an sauya masa aiki: maimakon kullum shi ke tahowa da ƙwallo, sai ya riƙa kafa wa Khris Middleton ko Jrue Holiday shinge, ya karɓa kusa da kwando kafin katanga ta haɗu. A wasa na shida na karon ƙarshe da Phoenix ya ci 50 da jifa 25 kawai, 16 suka shiga. Abin da ya fi ba da mamaki layin kyauta ne, inda a wasannin fitar da gwani aka yi ta masa dariya 'yan kallo na ƙirga masa daƙiƙa: ya jefa 19, ya ci 17. Phoenix ta yi abin da littafi ya ce, ta tura shi layi, dabarar ta juye mata.

Nikola Jokic na Denver, nasa ya fi sauƙin bayani. Ka bar shi da mutum ɗaya, ya ci maki. Ka turo na biyu, kafin ya iso ƙwallo ta tafi wurin wanda aka bari. Miami ta gwada masa tsaron yanki a 2023, sai ya je ya tsaya a tsakiyar yankin, daidai layin jifan kyauta, inda yake ganin kowa. A wasa na uku ya ci 32, ya cafke ƙwallo 21 daga kwando, ya ba da 10 aka ci. Durant a 2021 bai gaza ba, shi kaɗai aka bari: Kyrie Irving na jinyar idon sawu, James Harden na wasa da ƙafa ɗaya.

Hajara Lissafi:

Ƙarin abu ɗaya da ke bayyana dalilin da ya sa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi, babu wadda ta maimaita. Yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta sa iyaka ta biyu a kan jimillar albashin da ƙungiya ke biya. Wanda ya haura ta ba zai haɗa albashin mutum biyu ya musanya da ɗaya ba, ba zai saka kuɗi a ciniki ba, kuma ana hana shi cinikin gurbinsa na zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara bakwai gaba. Mutum na biyar da na shida, wato waɗanda Malam Sani ya ce kada su zama abin farauta, su ne ake fara rasawa. Denver ta rasa Bruce Brown bayan kofinta, ta rasa Kentavious Caldwell-Pope shekara ɗaya bayan nan. Boston ta rabu da Holiday da Kristaps Porzingis a bazarar 2025. Saboda haka in za ka auna zakarar bara, Malam Auwal, ka fara da duba ko wanda ke gadin tauraron abokan karawa yana nan. A Oklahoma City ta 2025 Luguentz Dort da Alex Caruso ne suka yi wannan aiki, kuma Caruso ne, duk da Jokic ya fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, aka ɗora a kansa a wasa na bakwai da Denver, yana tsaya masa ta gaba don kada ƙwallo ta iso hannunsa tun farko.